Gwaibar Baba Mai Aski

"Ɗaga shi sama kaɗan, Lauya. Ba silin na ce ki nuna mini ba, bishiyar nake son gani."

Lauya ta ƙara tallabo madubin da cikinta. Madubin shagon aski ne, irin na da, mai katako a baya, nauyinsa kamar buhun siminti. Ya rufe ta tun daga goshi har cinya. Ba abin da take gani sai bayan katakon da wata ƙusa mai tsatsa da ke neman tsone mata ido.

"Baba, hannuna fa ya kusa mutuwa."

"Ya bi layi, ni ne a gaba. Karkato shi. Yawwa, tsaya nan. Ga ta can, 'yar banza, kamar wanda ya kwana a kan gashi jiƙaƙƙe."

Baba Mai Aski, Allah ya jiƙansa, yana kishingiɗe a kan tulin matasai. Tun da aka sallamo shi daga asibiti aka ce a je gida a ci gaba da addu'a, kowa a layin ya san abin da ake nufi, shi ma ya sani. Gadonsa na ƙarfe ne, kansa yana jikin taga, kuma a cikin ɗakin aka haɗa shi tun kafin a shigo da kabad, ba ya juyuwa. Shi kuwa Baba ko matashi aka gyara masa sai ya yi ƙara saboda ƙugu. To ga taga a bayan ƙeyarsa, ga bishiya a bayan taga, ga shi ya rantse ba za a taɓa ta ba sai yana gani. Shi ya ce a ciro madubin daga bayan kabad a riƙe masa a ƙarshen gado.

Gwaiba ce. Daga ƙasa ta taso lafiya lau, sai da ta kai kafaɗar mutum ta rabu biyu kamar gwafa. Reshe ɗaya ya miƙe sak ya buɗe a tsakar gidan Baba, shi ne inuwar gidan. A ƙarƙashinsa Baba ya koma yin aski bayan ya rufe shago, a nan kuma matarsa, wadda duk layin ke ce wa Gwaggo, take ajiye kujerarta daga hantsi har yamma. Ɗayan reshen kuwa, tun yana ɗanye Baba ya mayar da shi maratayar rediyo. Rediyon ƙato ne mai cin batir kamar me. Kullum yana rataye, reshe yana sunkuyawa, har ya kwanta a kan katanga ya tsallaka gidan Lauya ya girma a can.

Ita ba karatun lauya ta yi ba, ɗinki take yi a barandarta. Baba ne ya raɗa mata sunan, ranar da ta shigo da ruɓaɓɓiyar gwaiba a faranti ta dire a gabansa, yana tsakiyar yi wa mutum aski, ta ce ga shaida. Tun daga ranar suke shari'a. Ganye a cikin randarta. Ƙudaje a kan 'ya'yan da suka fashe. Jemagu kuma ba sa zaɓar inda za su yi kashi sai farin yadin mutane.

"Inuwa kyauta, gwaiba kyauta," in ji Baba ta saman katanga, "har da taki ake kawo miki, kina ƙorafi."

Shekara da shekaru ana haka, kuma in gaskiya za a faɗa, ranar da ba su yi ba abinci ba ya yi wa Lauya daɗi. Amma da katanga ta tsage daidai inda reshen ya kwanta, sai ta ɗaukaka ƙara. Ta tare babban ɗan Baba, wanda yake magini, ta kai shi ta sa yatsa a cikin tsagar ta nuna masa. Magini mutum ne da ko hoto ya gani a karkace a gidan wani sai ya tashi ya gyara. Ya dubi katanga, ya dubi bishiya, ya ce ko dai a cire reshen nan, ko shi ya kawo mai gatari a tumɓuke ta gaba ɗaya a huta.

Shi ya sa Baba ya aika aka kira Lauya da safiyar nan. Ya jira Gwaggo ta shiga kicin, ko da yake ba sai ya jira ba, don kunnenta ya yi nauyi.

"Kin ci shari'a," ya ce. "A cire miki reshenki yau, ina da rai. In na tafi na bar wa ɗan nan hujja, wallahi ko saiwa ba zai bari ba. Gwaggonki kuma ba ta iya zaman ɗaki, kin sani. In ba inuwar nan, ina za ta zauna?"

Lauya ta juya ta fita. Sai ta koma gida ta taso mijinta.

Direba ke nan, mai jan motar burodi. Mutum ne mai jiki, mai sanƙo, mai sanyin hali, kuma duk abin da ya fi kujerar mota tsawo tsoron hawansa yake yi. Yanzu yana can waje a kan tsani, ya juya wa taga baya, zarto a hannu ɗaya, ɗaya hannun ya rungume bishiya kamar ya ga uwarsa.

"Sanƙo ya hau?" in ji Baba. Muryarsa ta shige, ba ta kai tsakar gida, sai Lauya ta ɗauka ta cilla.

"Baban yara! Ka hau?"

"Na hau! Tsanin nan yana motsi fa!"

"Ce masa ba tsanin ba ne, ƙafarsa ce. Ya fara da ƙananan da suka bushe. Ba a fara aski daga tsakiyar kai."

Haka aka yi ta yi. A rage nan, a taɓa can. Baba yana kanne ido ɗaya, yana karkata kai, yatsunsa biyu suna buɗewa suna rufewa a kan bargo kamar almakashi. Daga inda yake kwance saman bishiyar kawai yake gani, mararrabar rassan tana ƙasan taga, Direba ma sai tsakiyar sanƙonsa da ke ƙyalli.

"Sanƙon nan ni na rene shi," in ji Baba. "Tun yana kamar kwabo. To, an zo wurin. Ce masa ya cire babban, na dama. Daga gindi."

"Babban na dama! Daga gindi!"

Muryar Direba ta zo a hankali.

"Na dama?"

"Na dama aka ce!"

"Maman yara, anya kuwa? Ai na daman nan shi ne..."

"Me yake cewa?" in ji Baba.

"Musu yake yi."

"Shi ne mai askin ko ni?"

Lauya hannu ya gaji, ƙusa tana shafar girarta, gumi yana shiga idonta. Ta tattaro duk muryar da Allah ya ba ta.

"Kai komai sai an yi maka sau uku? Mutum yana kwance ba lafiya kana ja masa rai! An ce dama, ka yanka dama!"

Direba ya daɗe yana zama a kujerar Baba, ya kuma daɗe yana zama da Lauya. A wurare biyun nan abu ɗaya ya koya: in an ce sunkuya, ka sunkuya. Aka ji zarto ya kama.

Ya ɗauki lokaci, don icen gwaiba tauri gare shi. Baba har ya lumshe ido yana gyaɗa kai da sautin zarton. Can sai aka ji ƙaƙaƙas, sannan wani irin rugugi, robobin wanki suka tarwatse, kaji suka bi ta kan juna. Rana ta faɗo ta taga ta daki madubi ta haske ɗakin gaba ɗaya, har da yanar gizon da ke saman kabad.

Lauya ta sauke madubin a hankali ta leƙa ta samansa.

Tsakar gidan Baba fayau, ba ko ganye. Miƙaƙƙen reshen yana kwance daga bakin rijiya har ƙofar kicin, kujerar Gwaggo a ƙarƙashinsa ƙafafu sama. Karkataccen kuwa yana nan daram a kan katanga, yana kaɗa ganyensa a gidan Lauya kamar ba da shi ake ba.

Gwaggo ta fito da ludayi a hannu. Wannan kam ta ji shi.

"Me ya faɗi?" Ta dubi sama, ta dubi ƙasa. "Ina inuwata?"

"Ni fa na tambaya," in ji Direba daga kan tsani. "Kowa ya ji na tambaya."

"Ba ka da ido ne?" in ji Lauya ta taga. "Jariri ma ya san wanda za a cire!"

"Ke kika ce dama!"

"Baba ne ya ce!"

Suka juyo gaba ɗaya wurin Baba. Yana kallon hannunsa na dama, ya ɗaga shi, ya nuna bangon da ke wajen gidan Lauya. Sannan ya dubi madubin. Shi yana kwance ya ba taga baya, Direba yana tsaye ya fuskanci bishiya. Daman Baba hagun Direba ne.

Lauya ta zaci kuka zai yi, don kafaɗunsa sun fara girgiza. Ashe dariya ce. Ya yi ta har tari ya sarƙe shi, hawaye yana bin kunnensa, Gwaggo tana dukan bayansa da hannun da ba ludayi.

"Duk rayuwata a bayan kujera nake," ya ce da ya samu numfashi. "Ban taɓa zama a kanta ba. Ashe haka suke gani, bayin Allah. Shi ya sa in na ce a juya dama sai su ba ni hagu, ni kuma in murɗe musu kunne."

"Malam, inuwata nake tambaya," in ji Gwaggo.

Dariyar ta tsaya.

Da la'asar Magini ya zo, siminti har gashin ido. Ya tsaya a tsakar gida ya riƙe ƙugu ya daɗe. Direba ya tuna akwai abin da zai duba a mota, ya sulale.

"Yaya Lauya, wane ne ya yi wannan?"

"Tsautsayi."

"Tsautsayi ya iya riƙe zarto?" Ya zagaya bishiyar. "Da ƙafa biyu ma ta tsaga katanga, yanzu duk nauyin ya koma gefe ɗaya. Inuwar da ake taƙama da ita babu. Me ya rage? Itacen girki. Ni dai ba zan taɓa ta yanzu ba, sai bayan..."

Ya manta taga a buɗe take.

"Ƙarasa mana," muryar Baba ta fito. "Sai bayan na mutu. To na ji, na kuma riƙe ka da maganarka. Muddin ina numfashi ba mai taɓa ta. Gwaggo! Kawo mini maganin nan mai ɗaci, na fasa tafiya."

Magini ya share fuska da hularsa ya shiga ɗakin. Lauya ta ga ya durƙusa a gefen gado yana gyara wa uban bargo, yana ja yana daidaita bakinsa da ƙarfen gadon, ya kasa ɗaga kai.

Maganin da Baba ya daɗe yana tofarwa a bayan gado, ya koma shanye shi har da lashe cokali. Kullum da hantsi sai a kira Lauya da madubi, Direba da tsani. Aka soke dama da hagu a gidan. Sai dai a ce wajen Lauya, ko wajen kicin.

"Kan da ka ɓata ba ka bin sa da almakashi kana neman gyara, sai ka wayi gari ka yi wa mutum ƙwal," in ji Baba. "Ka lallaɓa gefe, ka ce masa sabon yayi ne, ka bar shi ya tsiro. Sanƙo, gyara bakin yankan nan. Karkata shi, kada ruwa ya kwanta a kai ya ruɓe."

Ya sa aka rage wa karkataccen reshen kaya, duk wani ƙaramin reshe da ya nufi ƙasa ko ya hau kan ɗan'uwansa aka cire. Ya ce kututturen zai yi toho da yawa, kada a yi kwaɗayi, a zaɓi ɗaya wanda ya dubi sama a tsinke sauran da farce. Sannan ya ce reshen yana son tokara, a ɗauke nauyinsa daga katanga. Daga wanda aka sare aka fitar da gwafa mai kauri.

"A ina za a kafa ta?" in ji Lauya.

"A ina reshen yake?"

"A tsakar gidana? Baba, na kawo ƙara a cire mini reshe, yanzu har da ƙafa za a yi masa?"

"Na ɗan lokaci ne, Lauya."

"Lokacin wa?"

"Nawa. Kin ga ai ba yawa."

Ta yi tsaki ta juya fuska wajen kabad, ta daɗe tana gyara ɗaurin ɗankwalinta. Da yamma ita ta nuna wa Direba inda zai haƙa ramin.

Gwaggo kuwa, aka gyara mata ƙafar kujera, ta mayar da ita daidai inda take tun fil azal. Rana tsaka tana dukan wurin kamar wuta, ta ɗora tawul a ka ta zauna tana tsintar shinkafa.

"Gwaggo, ki matsa baranda mana!" Lauya ta ɗaga murya.

"Nan ne wurina."

"Ai babu inuwa!"

"Na gani. Ba makauniya ba ce ni, kurma ce."

Magani mai ɗaci ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Baba ya fara barin rabin kofin shayi, sannan ya bar shi duka. Kututture kuma shiru, ko alamar toho babu. Kowace safiya tambayarsa ta farko ke nan, Lauya ta hau kan bokiti ta leƙa ta ce tukuna.

Wata safiya ta shigo za ta ɗauko madubi, ya ɗaga yatsa.

"Bar shi. Kira mini Sanƙo, ya zo da hannu a wanke."

Ya sa Gwaggo ta ciro jakar kayan aikinsa. Gashinsa ya taru, fari fat, ya kwanta gefe ɗaya saboda matashi. Ya ce shi ba zai je ko'ina da wannan kan ba, mutane su ce ga mai aski.

Direba ya karɓi almakashi kamar an miƙa masa kunama.

"Baba, ni fa mota na iya."

"Ka gama da bishiyata, ƙarasa da kaina. Ɗaura mini tawul. Ba shaƙe ni na ce ka yi ba, wannan akwai mai zuwa yi."

Lauya ta tallabo ƙeyarsa. Ba nauyi ko kaɗan, kamar ta ɗauki ƙwarya. Direba yana yanka, gashi yana zuba a kan tawul. Ya rage wajen kicin, sai wajen Lauya ya fi tsawo. Ya rage wajen Lauya, sai wajen kicin ya fi.

"Tsaya haka nan," in ji Baba, ido a rufe. "Ina jin iska a inda bai kamata ba."

"In kawo madubi ka gani?"

"Kada ka soma. Madubin nan ya yi mini abin da zai yi." Ya ja numfashi. "Lauya, ya yi kyau?"

Ta dubi kan. Gefe ɗaya kamar ɓera ya yi kiwo.

"Sabon yayi ne, Baba."

Gefen bakinsa ya motsa. Ya laluba ya kama bakin zanen Gwaggo da ke zaune kusa da shi, ya riƙe. Suna nan a haka, Direba yana kakkaɓe tawul ta taga, Lauya tana tattara gashi a tafin hannu, sai Gwaggo ta ce, da muryarta ta kurame wadda ba ta san ƙasa-ƙasa ba:

"Ya saki."

Lauya ta duba. Hannun yana kan bargo a buɗe.

Mutane suka cika layin, don babu namijin da kansa bai bi ta hannun Baba ba. Bayan an kai shi aka dawo zaman gaisuwa, sai ga tsakar gida ba inda za a fake. Tsofaffi suna gumi, suna matsawa jikin katanga, suna bin 'yar inuwar da ba ta kai tafin hannu ba. Lauya ta buɗe ƙofarta ta shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin karkataccen reshen. Nan aka yi zaman. Wani tsoho ya jingina da gwafar ya ce kai, maƙwabciya, kin iya renon bishiya. Ta ce masa ya sha ruwa.

Kuka bai zo mata ba sai da kowa ya watse, ta fito da safe ta ga ganye a randa, ta ɗaga kai za ta yi magana ta saman katanga.

Magini ya cika alkawari, bai ƙara ko kwana a kai ba. Da aka share makoki ya zo da mai saran itace, wani dogo mai gatari a kafaɗa da igiya a ƙugu. Lauya tana kan keken ɗinki ta ji ana cewa a fara ta saman. Ta fito ba ko takalmi, ta ja bokiti ta hau ta leƙo ta katanga.

"Malam mai gatari, wa ya aiko ka?"

"Mai gida."

"Reshen da kake kallo a gidan wa yake?"

Dogon ya dubi Magini.

"Yaya Lauya, don Allah," in ji Magini. Idonsa ya faɗa, muryarsa ba ƙarfi. "Ke kika kawo ƙara."

"Na janye."

"Ba a janye tsagar katanga. Dubi nan, hannuna yana shiga. Damina ɗaya za ta zubo, in ta faɗa wa Inna fa? Gindin a gidanmu yake, inuwar a gidanki. Mu me muka samu?"

"Za ta yi toho. Baba ya ce..."

"Toho! Kafin toho ya zama inuwa shekara nawa? Inna tana da su?"

Wannan karon shi ya ci shari'a, ita ma ta sani. Tana tsaye a kan bokiti. Daga nan sama tana ganin gidajen biyu a lokaci ɗaya. A nata gefen, inuwa ta kwanta lub a kan siminti, ba kowa a ciki sai kaza. A nasu gefen, Gwaggo tana zaune a tsakiyar rana da tawul a ka, hannu a cinya, ba shinkafa, ba komai. Tsakaninta da inuwar bai fi a miƙa mata kofi ba, sai dai katanga.

"Katangar nan ka ce za ta zubo?"

"Wannan gefen dole a rushe shi a sake."

"To rushe. Kada ka sake."

"Kamar yaya?"

"Kai ne magini, ni zan koya maka? Ka fasa daga tsagar zuwa nan, ka gyara bakin, ka shafe. Katangar da babu ita ba ta faɗa wa kowa."

"Ki zauna gida a buɗe? Ke? Ke da kika yi shekaru kina faɗa a kan ganye? Kajin Inna fa za su shigo. Kuma kin san Inna, in ta zauna ba ta tashi, kuma duk ɗinkin da kika yi sai ta ce ya karkace."

"Da wa kake so in riƙa yin faɗan yanzu? Da Baban yara? Shi ko zaginsa ka yi sai ya ce Allah ya ba ka haƙuri."

"Allah ya ba ku haƙuri," in ji Direba daga baranda, bai ma ji farkon maganar ba.

Mai gatari ya yi dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye. Magini ya juya ya dubi uwarsa ya daɗe. Sannan ya taka ya je jikin katanga, ya auna da taku, ya ciro ƙusa daga aljihu ya ja layi biyu daga sama har ƙasa. Ya ja baya ya duba, ya goge ɗaya da yawu, ya sake ja.

"Malam," ya ce wa dogon, "ajiye gatarin. Ka iya riƙe guduma?"

Kafin rana ta karkata an fasa, an kwashe ɓaraguzai. Magini ya shafe bakin da siminti, ya hana kowa taɓawa, ya kori kaji har sau ba adadi. Ba wanda ya yi wa Gwaggo bayani. Tana zaune tana kallo tun daga gudumar farko.

Washegari da hantsi Lauya tana ɗinki ta ji ƙarar katako a kan siminti. Gwaggo ce take jan kujerarta ta baya, tana tsayawa tana hutawa. Ta zo bakin wurin da aka fasa ta tsaya, ta taɓa simintin da yatsa ta ga ya bushe. Ta shigo. Ta gwada nan, ta gwada can, ta juya kujerar yadda za ta riƙa ganin tagar ɗakin Baba ta inda aka fasa. Sannan ta zauna, ta cire tawul daga kanta, ta ninke shi ta ɗora a cinya.

"Gidan nan naki ba a share shi ne?" ta ce. "Ji ganye."

Lauya ta cire ƙafa daga kan keken. Ta tashi ta ɗauko tsintsiya, ta fara daga nesa, a hankali, don kada ƙura ta kai wurin tsohuwar.